Gudawar Da Ba Ta Jin Magani In Garkuwar Jiki Ta Yi Rauni

Gudawa ba baƙuwar cuta ba ce a ƙasar nan. Da wuya shekara ta kewayo ba a yi fama da ita a gida ba, ko ga yaro ko ga babba, musamman farkon damina lokacin da ruwan sama ya wanko dattin gari ya zuba cikin rijiyoyi da tafkuna. Saboda sabon da aka yi da ita, mutane da yawa ba su ɗauke ta a bakin kome ba. In ta zo sai a aiki yaro kyamis ya sayo ƙwaya a sha, bayan kwana biyu ko uku ciki ya tsaya, kowa ya ci gaba da harkarsa.

Amma akwai wata irin gudawa wadda ba ta tafiya haka. Takan kama mutum ta yi mako biyu, ta yi wata guda, ta yi wata uku, ana shan magani ana sakewa, mai ciwon kuwa kullum sai ƙara ramewa yake yi. Likitoci sun gano cewa ɗaya daga cikin manyan masu haddasa irin wannan ita ce wata 'yar mitsitsiyar halitta mai zama cikin hanji, wadda suke kira Kiriftosforidiyam, ko kuma Kirifto a taƙaice. Ga mai ƙoshin lafiya, wahalarta ta 'yan kwanaki ce. Ga wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni kuwa, tana iya zama sanadin ajalinsa. Abin da ya ƙara tsananta al'amarin shi ne, sinadarin kulorin da ake zubawa cikin ruwan famfo ba ya kashe ta, haka kuma magungunan gudawa da aka saba saye a kyamis ba sa taɓa ta.

YADDA AKA GANO TA

Wani masanin ƙwayoyin cuta ɗan ƙasar Amurka, Ernest Tyzzer, shi ya fara ganin wannan halitta cikin shekarar 1907, sa'ad da yake duba tumbin ɓeraye da madubin likita. Cikin 1912 ya sake bayyana wani irinta a cikin ƙaramin hanji. Daga nan aka yi shekara da shekaru ba wanda ya damu da ita, don an zaci abin dabbobi ne kawai. Sai cikin 1971 likitocin dabbobi suka danganta ta da zawon maruƙa, sa'an nan cikin 1976 aka ba da labarin mutanen farko da aka same ta a jikinsu.

Abin da ya fito da sunanta fili shi ne ɓullar cutar ƙanjamau. Cikin 1982 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton maza 21 masu ƙanjamau waɗanda Kirifto ta sa musu gudawa mai tsanani wadda ta ƙi tsayawa, duk magungunan da aka gwada kuwa ba su yi wani amfanin kirki ba. A Afirka ma, cikin 1985 likitoci a Yuganda suka bayyana wata cuta da jama'ar can suka laƙaba wa suna saboda ramar da take sawa, alamunta kuwa doguwar gudawa da zubewar jiki. Ashe ƙanjamau ce. Ko a Hausa sunan nan ƙanjamau daga ƙanjamewar jiki ya samo asali, gudawar da ba ta yankewa kuwa tana daga cikin manyan abubuwan da ke kawo wannan ƙanjamewa. Har yau Hukumar Lafiya ta Duniya tana lissafa gudawar Kirifto da ta wuce wata guda cikin alamun da ke nuna cutar mai karya garkuwar jiki ta yi nisa.

HALINTA A CIKIN HANJI

Kirifto ba tsutsar ciki ba ce irin wadda ido ke gani. Halitta ce mai ƙwayar rai guda ɗaya, dangin wadda ke haddasa zazzaɓin cizon sauro. Tana fita daga jikin mai ciwo cikin bayan gida a matsayin ƙwai mai tauraren ɓawo. Girman ƙwan bai wuce kashi 4 zuwa 6 cikin 1,000 na milimita ɗaya ba, wato sai an jera kamar guda 200 kafin su cika milimita. Mai ciwo ɗaya yana iya zubar da miliyoyinsu a zama guda, alhali kuwa ƙwai goma kacal suna iya sa wa wani cutar. Ƙwan kuma ba ya bukatar ya nuna a waje. Yadda ya fito haka yake da ƙarfin kama wanda ya haɗiye shi, yana kuwa iya yin watanni da ransa cikin ruwa ko ƙasa mai danshi.

In an haɗiye shi ya isa ƙaramin hanji, sai ɓawon ya buɗe, 'ya'ya huɗu su fito su manne a bangon hanji. Bangon nan yana da wasu 'yan tsirrai masu yawa kamar gashin tawul, su ne ke tsotse ruwa da amfanin abinci su kai cikin jini. Kirifto takan shige ƙarƙashin fatar ƙwayoyin bangon ta yi wa kanta ɗan ɗaki, ba ta ciki sosai kuma ba ta waje, wannan yana daga cikin dalilan da suka sa magani ke wuyar kai mata. Tana nan tana hayayyafa har tsirran su lalace su kwanta. Hanji ya kasa tsotse ruwa, a maimakon haka ma ya riƙa tsiyayar da nasa. Shi ya sa gudawar ke zuwa tsululu kamar ruwa, galibi ba jini, tare da murɗar ciki da tashin zuciya da ɗan zazzaɓi.

Akwai kuma wata dabara tata mai ban tsoro. Ƙwan da take yi iri biyu ne. Galibinsu masu kaurin ɓawo ne, su ke fita waje su kama wani. Amma kamar ɗaya cikin biyar masu sirantaccen ɓawo ne, waɗannan tun a cikin hanji suke fashewa su sake kama mai ciwon. Saboda haka ko mutum bai ƙara shan gurɓataccen ruwa ba, cutar tana iya ci gaba da sabunta kanta a cikinsa, in dai babu abin da ya tare ta.

WAƊANDA TA FI YI WA ƁARNA

Abin da ke tare ta shi ne garkuwar jiki. Mai ƙoshin lafiya yakan fara jin alamun ciwon tsakanin kwana 2 zuwa 10 bayan ya haɗiyi ƙwan, ya yi mako ɗaya ko biyu yana fama, sa'an nan jikinsa ya kore ta da kansa. Masu jagorancin wannan yaƙi wasu fararen ƙwayoyin jini ne da likitoci ke kira CD4, waɗanda jama'a suka fi sani da sojojin jiki. Mai lafiya yana da kamar 500 zuwa 1,500 a cikin ɗan ɗigon jinin da ake aunawa. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In sojojin nan suka ragu ƙasa da 200 ciwon yakan fara daɗewa, in suka yi ƙasa da 100 sai ya zauna, in kuwa suka gaza 50 yana iya zuwa da ƙarfi kamar kwalara, har mutum ya riƙa zubar da lita da dama na ruwa a yini guda. A irin wannan hali Kirifto ba ta tsayawa a hanji kaɗai. Takan haura zuwa matsarmama da hanyoyin da suka haɗa ta da hanta, ta kawo ciwon gefen ciki na dama da shawara, wani lokaci ma har ta kai ga huhu.

Na farko cikin masu wannan haɗari su ne masu ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau waɗanda ba su san suna da ita ba, ko suka sani amma suka daina shan magani. Babban binciken da Gwamnatin Tarayya ta gudanar cikin 2018 ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 1.9 ne ke ɗauke da ƙwayar cutar a Nijeriya a lokacin. Na biyu, waɗanda aka yi wa dashen ƙoda ko na wata gaɓa, domin dole ne su riƙa shan maganin danne garkuwa don kada jiki ya ƙi abin da aka dasa. Wannan ba labarin ƙasashen waje ba ne kawai, tun da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya fara dashen ƙoda tun cikin 2002. Na uku, masu ciwon daji da ake ba magunguna masu ƙarfi, da waɗanda suka daɗe suna shan magungunan da ke rage garkuwa saboda wata cuta dabam, da tsofaffi masu rauni.

Amma waɗanda suka fi kowa yawa su ne ƙananan yara, musamman masu tamowa. Yaron da bai kai shekara biyu ba garkuwarsa ba ta gama ƙosawa ba, in kuma aka haɗa da ƙarancin abinci mai gina jiki, ko ƙyanda ta riga ta kayar da shi, to, ƙofa a buɗe take. Cikin 2013 mujallar likitoci ta Lancet ta buga sakamakon wani babban bincike da aka yi kan yara fiye da 22,000 a ƙasashe bakwai, wato Gambiya, Mali, Kenya, Mozambik, Indiya, Pakistan da Bangaladash. Abin da ya ba masana mamaki shi ne, a tsakanin jarirai Kirifto ce ta zo ta biyu wajen haddasa gudawa mai tsanani, ba abin da ya fi ta sai ƙwayar cutar rota. An kuma ƙiyasta cewa cikin 2016 kaɗai ta kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar fiye da 48,000 a duniya, galibinsu a Afirka kudu da Sahara.

Wanda ya tsira ma ba lalle ya fita ba tabo ba. Hanjin da ya lalace ba ya tsotse abinci sosai, yaro ya ƙara ramewa, ramar ta ƙara raunana garkuwa, gudawa ta sake dawowa. Haka za a yi ta kewayawa har yaron ya tsumbure. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna cewa kashi 37 cikin 100 na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara biyar tsayinsu bai kai na shekarunsu ba, a jihohin arewa maso yamma kuwa adadin ya haura rabi. Cutar rota dai an samar mata rigakafi: Jamhuriyar Nijar ta sa shi cikin jerin na yara a 2014, Nijeriya kuma a 2022. Kirifto kuwa har yanzu ba ta da rigakafin da ake yi wa mutane.

DARASIN BIRNIN MILWOKI

Kada wani ya zaci wannan cuta ta mutanen ƙauye ce masu shan ruwan kududdufi. Annobarta mafi girma da aka rubuta a tarihi ta auku ne a Amurka, a birnin Milwoki na jihar Wiskonsin, cikin watannin Maris da Afrilu na 1993. Birnin yana jan ruwansa daga tafkin Mishigan, yana da manyan matatu biyu, ana tace ruwan ana kuma zuba masa kulorin bisa ƙa'ida. A waɗannan makonni ruwan matatar kudu ya yi ɗan duhu fiye da yadda aka saba, amma bai ƙetare iyakar da dokar lokacin ta yanke ba, saboda haka aka ci gaba da tura shi gidaje.

Ba a farga ba sai da maganin gudawa ya ƙare a kantuna, malamai da ɗalibai suka daina zuwa makaranta, ma'aikata suka daina zuwa ofis. Ranar 7 ga Afrilu hukumar birnin ta umarci kowa ya tafasa ruwa kafin ya sha, bayan kwana biyu kuma aka rufe matatar. Da aka yi lissafi daga baya, an ƙiyasta mutum 403,000 ne suka kamu, kimanin 4,400 aka kwantar a asibiti. Galibin jama'a sun warke cikin makonni kaɗan. Amma fiye da mutum 50 sun rasu, mafi yawansu kuwa masu ƙanjamau ne, domin a lokacin ba a riga an sami haɗin magungunan da ke farfaɗo da garkuwa ba. Ruwa ɗaya kowa ya sha, ƙarfin garkuwa ne ya raba wanda ya tashi da wanda bai tashi ba. Bayan wannan masifa birnin ya ƙara wa matatunsa na'urorin kashe ƙwayoyin cuta da iskar ozon, ƙasashe da dama kuma suka tsaurara dokokinsu na tace ruwa.

Abin lura ga injiniyoyin hukumomin ruwa a nan shi ne, ƙwan Kirifto yana iya yin kwanaki da ransa cikin ruwa mai kulorin. Abin da ke raba shi da ruwa shi ne kyakkyawar tacewa, da alam isasshe, da sa ido kullum kan hasken ruwan da ke fita daga matata. Bututun da ya fashe cikin kwata kuwa yana rushe duk aikin da aka yi a matatar.

HANYOYIN DA TAKE BI

Hanyarta ɗaya ce, daga bayan gida zuwa baki, amma ƙofofin suna da yawa. Akwai rijiyar da ba ta da murfi ko aka gina ta kusa da shadda. Akwai ruwan 'yan garuwa da ba a san inda aka ɗebo shi ba, da ƙanƙara ko zoɓo ko kunun aya da aka haɗa da irin wannan ruwa, domin sanyi ba ya kashe ƙwan farat ɗaya. Akwai latas da kabeji da karas na lambunan gefen gari da ake ba ruwan kwata, da madarar da ba a tafasa ba. Akwai kuma hannun mai jinya ko mai reno wanda ya wanke wa yaro bayan gida ya koma kan abinci bai sa sabulu ba.

Dabbobi ma suna da nasu kaso. Maraƙi mai zawo yana zubar da ƙwai masu ɗimbin yawa, haka 'yan tumaki da 'yan awaki sababbin haihuwa, saboda haka gidan da ake kiwo a tsakar gida yana bukatar ƙarin kula. Duk da haka binciken da aka yi a ƙasashen Afirka da dama ya nuna cewa irin Kirifto da ke yawo daga mutum zuwa mutum shi ya fi yawa a jikin yara. Wato bayan gida a fili da ƙarancin ruwan wanke hannu sun fi garke laifi.

GWAJI DA MAGANI

Ba a gane Kirifto da ido, gwajin bayan gida na yau da kullum ma yakan wuce ta bai gani ba. Sai likita ya nemi a duba ta musamman. A ɗakin gwaje-gwaje akan rina samfurin da wani rini ɗan uwan wanda ake amfani da shi wajen neman tarin fuka, sai ƙwan su fito jajaye a ƙarƙashin madubi. Tun da ba kullum suke fita da yawa ba, akan bukaci samfuri har uku a ranaku dabam-dabam. Amfanin gwajin yana da girma, domin akwai wasu halittun masu kama da ita waɗanda ke da magani tsayayye. Sistoyisosfora da Saikulosfora suna jin Septrin, Jiyadiya kuma tana jin Flagyl. Kirifto ba ta jin ko ɗaya daga cikinsu. Wanda ya yi wata guda yana haɗiyar Flagyl daga kyamis ba gwaji, kuɗinsa da lokacinsa yake ɓatawa, ciwon kuwa yana ƙara samun wurin zama.

Magani ɗaya ne aka amince da shi dominta, sunansa nitazoksanid, wanda hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yarda da shi cikin 2002. Yana taimakon masu garkuwa mai ƙarfi. Amma gwajin da aka yi a Lusaka ta ƙasar Zambiya, wanda aka buga sakamakonsa cikin wannan shekara ta 2002, ya nuna cewa ya yi amfani ga yara masu tamowa marasa ƙwayar cutar ƙanjamau, bai kuwa yi ba ga masu ɗauke da ita. Wato waɗanda suka fi bukatarsa su ne ya fi kasa taimaka wa.

Saboda haka maganin gaskiya shi ne a mayar wa jiki garkuwarsa. Tun daga 1996, lokacin da aka fara ba masu ƙanjamau haɗin magunguna uku, gudawar Kirifto ta ragu ƙwarai a duk inda maganin ya wadata, domin da zarar sojojin jiki sun haura 100 suka ci gaba da ƙaruwa, jiki yakan kore ta da kansa. Cikin 2016 Nijeriya ta karɓi tsarin fara ba duk wanda aka samu da ƙwayar cutar magani nan take, ba sai an jira jikinsa ya yi rauni ba. Wanda aka yi wa dashe kuwa likitansa ne kaɗai zai duba ko za a rage masa maganin danne garkuwa. Bai kamata ya rage da kansa ba, don kada ya rasa ƙodar. Yaro mai tamowa kuma abinci mai gina jiki da kulawar asibiti su ne ginshiƙin warkewarsa.

Kafin garkuwa ta dawo, abin da ke riƙe rai shi ne mayar da ruwan da jiki ke zubarwa. Ruwan gishiri da sukari na ƙulli da ake samu a asibiti da kyamis shi ya fi. In babu shi, a zuba sukari cokalin shayi 6 da gishiri rabin cokalin shayi, a shafe ba tozo, cikin lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, a riƙa sha kaɗan-kaɗan. Yara a haɗa musu da ƙwayar zink har kwana 10 zuwa 14, a ci gaba da ba su nono da abinci, kada kuma a ba su maganin ɗaure ciki. In ido ya faɗa, fitsari ya ɗauke, ko mai ciwo ya kasa sha, to, sai asibiti don a yi masa ƙarin ruwa.

ABIN DA YA WAJABA A YI

Da tsohuwar zuma ake magani. Abin da kulorin ya kasa, wuta tana yinsa: ruwan da ya tafasa sosai na minti ɗaya ba ƙwan Kirifto da zai rayu cikinsa. Duk gidan da ke da mai raunin garkuwa, ko yaron da aka fara ba ruwa da kunu, ya kamata a tafasa ruwan shansa, a zuba cikin randa ko tulu mai murfi, a keɓe masa moɗa. A wanke hannu da sabulu bayan fitowa daga bayi, da bayan wanke wa yaro, da bayan taɓa dabba, da kafin a taɓa abinci. Man goge hannu na kwalba ba ya kashe wannan ƙwai, sai dai ruwa da sabulu su wanke shi. Kashin yara a zuba shi cikin shadda, kada a jefar a bola. Mai raunin garkuwa ya nisanci maraƙi ko ɗan akuya mai zawo, ya guji ɗanyen ganye da wanka a tafki. Jariri kuwa a ba shi nonon uwa zalla har wata shida. A kuma tuna cewa wanda ya warke yana iya ci gaba da zubar da ƙwan har makonni bayan cikinsa ya tsaya.

Hukumomi su ma suna da nasu nauyi. Ya kamata ma'aikatun lafiya na jihohi su tanadi rinin gwajin a manyan asibitoci, su koya wa ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje yadda ake nemanta, su kuma tabbatar maganin masu ƙanjamau bai yanke ba ko na mako guda. Hukumomin ruwa su kula da tacewa da gyaran bututu, ƙananan hukumomi kuma su tsaya kan gina shadda a kasuwanni da tashoshin mota da makarantun kwana.

Ga jama'a kuwa, ƙa'idar mai sauƙi ce. Gudawar da ta wuce mako biyu, musamman in tana tafe da rama, ba ta kyamis ba ce. A je asibiti a gwada bayan gida, a kuma yarda a gwada jini, domin jin nauyin gwajin ƙanjamau ya sa mutane da yawa sun makara, alhali kuwa wanda ya fara shan magani da wuri yana komawa bakin aikinsa ya rayu shekaru masu yawa cikin iyalinsa.